Ƙwayoyin Ciyawar Teku da Ƙarfin Ƙashin Mata Bayan Daina Al'ada

Idan mace ta daina al'ada, sinadarin estrojen yakan ja baya a jikinta, shi kuwa wannan sinadari shi ne ke hana ƙashi saurin zaizayewa. Daga nan sai ƙashi ya riƙa raguwa ta ciki, kamar azarar da gara ta ci, daga waje lafiya lau. Ba zafi, ba kumburi, sai ranar da aka yi ɗan tuntuɓe a bakin rijiya ko a banɗaki, wuyan hannu ko ƙugu ya karye. Wata kuma sai a ga tsawonta ya ragu, bayanta ya ranƙwafa. Gidauniyar yaƙi da zaizayar ƙashi ta duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta gamu da irin wannan karaya.

Wannan fargaba ce ta buɗe wa ƙwayoyin ciyawar teku kasuwa. Yawancinsu ana yin su ne daga wata jar gansakuka mai tauri da ake kwasowa daga gaɓar tekun Aislan da Kudancin Amurka, a busar, a niƙa, a ɗura. Kusan kashi 30 cikin 100 na garin kalsiyam ne, sai magnisiyam da wasu ma'adinai kaɗan kaɗan. Masu talla kan ce tunda daga tsiro ya fito ya fi shiga jiki. Sai dai kalsiyam ɗin da ke cikinta iri ɗaya ne da na alli da ɓawon ƙwai, kuma shi ne a ƙwayoyin kalsiyam masu araha na kemis.

To, shin yana ƙara ƙarfin ƙashi? An yi wasu gwaje-gwaje da suka nuna ɗan ci gaba, amma mahalartansu ba su da yawa, galibi kamfanonin ne suka ɗauki nauyinsu, kuma an haɗa ƙwayoyin da bitamin D da wasu abubuwa, ta yadda da wuya a ce ga wanda ya yi aikin. Shi kansa kalsiyam an gwada shi sosai. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2006 ya bi mata fiye da 36,000 da suka daina al'ada. Waɗanda suka sha kalsiyam da bitamin D ƙashin ƙugunsu ya ɗara na sauran da kusan kashi 1 cikin 100 kacal, kuma tsakuwar ƙoda ta ɗan fi yawa a cikinsu. Ke nan akwai amfani, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba.

Inda ya kamata a fi lura shi ne ciyawar teku ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai ruwan ƙasa da Japanawa ke kira kombu, wadda ke cike da aidin. Babban mutum maikrogiram 150 yake buƙata a rana, ita kuwa ɗan yankinta kaɗai zai iya ninka haka sau da yawa. Yawan aidin na rikita halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma idan aikinta ya wuce ƙima shi ma yana cinye ƙashi. Wani nau'in mai suna hijiki kuwa, hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a a 2004 su guji cinsa saboda gubar arsenik.

Macen da ta wuce 50 tana buƙatar kalsiyam kusan miligiram 1,200 a rana, kuma an fi son ya fito daga abinci: nono da kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, tamba, riɗi, zogale da kuka. Fitowa rana na sa fata ta samar da bitamin D, tafiya da ƙafa kullum kuma na ƙarfafa ƙashi da tsoka. Idan abincin ya gaza har aka koma ga ƙwaya, kada a wuce miligiram 500 a sha ɗaya, domin hanji ba ya tsotsar da yawa lokaci guda. Mai shan maganin maƙoƙo ta bar tazarar awa 4 tsakaninsu.

Wadda hoton awon ƙashi ya nuna ƙashinta ya zaizaye, ko ta taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, magani take buƙata irin su alendronate, wanda aka tabbatar yana rage karaya. Ƙwayar ciyawar teku ba za ta maye gurbinsa ba. Saboda haka iyayenmu mata, da 'ya'yan da ke saya musu, kafin a biya kuɗi mai tsoka a duba lambar NAFDAC, a karanta yawan aidin da ke jikin kwalbar, sannan a kai wa likita ko mai haɗa magunguna ya gani.