Yaron ƙwallo yana buƙatar mai masauki kafin koci

Duk yaron da ƙafarsa ta iya ƙwallo a Bahindi, ko Kaoje, ko Illo, wata rana ƙwallon zai raba shi da gida. A ƙasar Bagudo, inda waɗannan garuruwa suke, babu babbar ƙungiyar da za ta riƙe shi, don haka sai Birnin Kebbi, ko Sakkwato, ko Kano, wani ma a ce masa ya tsallaka ta Tsamiya ya shiga Jamhuriyar Benin, wai akwai dillali a Kwatano mai hanyar Turai. Iyaye kan tambayi sunan ƙungiyar da nawa za a biya. Ba su cika tambayar inda yaron zai kwana da wanda zai ba shi tuwo ba, alhali a nan ne rayuwarsa take gyaruwa ko ta lalace. Ni dai a ganina, yaron da bai kai shekara 18 ba bai kamata a ajiye shi a ɗakin haya tare da samari goma ba. Gidan magidanci ya kamata ya sauka.

Mutanen Kanada sun daɗe da gane haka a wasansu na hoki, wanda ake buga shi da sanda a kan ƙanƙara. Manyan gasanninsu na matasa suna ɗaukar yara daga shekara 16 zuwa 20, kuma sau da yawa yaro yakan bar garinsu da nisan ɗaruruwan kilomita. Ƙungiya ce take nemo masa iyali a garin, ta binciki gidan, ta riƙa ba su ɗan kuɗin abinci duk wata. Yaron yana cin abin da 'ya'yan gidan suka ci, yana zuwa makaranta, yana da lokacin da dole ya dawo gida da dare. Matar gidan ce ke fara lura idan ya daina cin abinci ko ya ɓoye ciwo, abin da koci, wanda hankalinsa ke kan wasan Asabar, ba zai gani ba. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2015 BBC ta gano yaran Afirka ta Yamma, wasu 'yan shekara 14, da aka kwashe zuwa wata ƙungiya a ƙasar Lawos suna kwana a ƙasa a cikin ginin filin wasa. Hukumar FIFA ta hana cinikin 'yan ƙasa da shekara 18 tsakanin ƙasashe, shi ya sa Ahmed Musa ya jira ya cika 18 a 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. Amma wannan dokar ba ta ce komai a kan yaron da ya tashi daga Bahindi zuwa Kano ba.

Abin da ya sa na dage shi ne, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken goro da suka bi ta Jega da Illo zuwa Gwanja ba sa sauka a gari sai a hannun fatoma, mai ba su ɗaki da abinci, mai tsaya musu idan rigima ta taso, wanda kuma mutuncinsa ke zubewa idan wani abu ya sami baƙonsa. Wanda ya san amanar dukiyar wani, ai amanar ɗan wani ba za ta gagare shi ba.

Za a ce riƙo ya yi ƙaurin suna, an sha ganin ɗan riƙo ya zama ɗan aike da ɗibar ruwa. Gaskiya ne, kuma a Kanada ma an kama kocin da ya ci zarafin yaran da ke hannunsa, aka ɗaure shi a 1997. Sai dai ɓarna ta fi yawa inda mutum ɗaya ya haɗa komai a hannunsa: shi ne koci, shi ne dillali, shi ne mai ɗakin kwana. Idan aka raba, mai masauki daban, koci daban, uba ya taka ƙafa ya ga gidan, mai unguwa ya shaida, yaro ya samu wanda zai kai wa kuka. Za a kuma ce baligi ba ya shiga gidan matan aure. Ai ba sai ya shiga ba. Ɗakin zaure da shagon samari don haka aka yi su, kwano yana fitowa daga ciki, maigida yana ganinsa a sallar asuba. Maganar kuɗi ita ce mai nauyi, domin magidancin yau da ƙyar yake ciyar da nasa, balle ya ƙara matashin da ke atisaye safe da yamma. Saboda haka kada a bar abin a kan Allah-ya-ba-ka-lada. Ƙungiyar da ta ɗauko yaro ta yanka wa mai masauki kuɗin wata a rubuce, ta sa makarantar yaron cikin sharaɗi, kuma hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kebbi ta ƙi yi wa ƙaramin yaro rajista sai an nuna mata gidan da yake kwana.