Jarabar Tiramadol da Ciwon Baƙin Ciki: Bayani ga Jama'ar Tambuwal da Kebbe

A ƙasar Tambuwal da Kebbe noma shi ne babbar sana'a. Da damina manomi ya kan wuni sunkuye da fartanya, da rani kuwa ga aikin fadama. Ciwon baya da na gaɓoɓi su kan sa mutum ya nemi ƙwayar kashe zogi a kemis, ko wajen mai talla ran kasuwa. Wadda aka fi saye ita ce tiramadol. Ita da kodin dangi ɗaya ne, kuma duk wanda ya daɗe yana shansu jikinsa ya kan saba, har ya kasa tashi aiki sai da su. Sabo kuwa, in ji Hausawa, turken wawa.

Abin ba na gari ɗaya ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4 da dubu 600 a Nijeriya suna shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da iznin likita ba. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Mene ne ciwon baƙin ciki?

Ba ɓacin rai na kwana ɗaya ko biyu a ke nufi ba. Ciwo ne wanda ya kan kama mutum mako biyu ko fiye, ya rasa jin daɗin kome, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Ba ragwanci ba ne, ba kuwa raunin imani ba. Sau da yawa shi da jarabar ƙwaya tare su ke tafiya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Likita ya kan ba da amitriptyline ko fluoxetine dominsa. Waɗannan ba su sa maye, kuma ba a ganin amfaninsu sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida.

Inda haɗarin ya ke

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari mai suna serotonin. Maganin baƙin ciki ya kan ƙara shi, tiramadol ma haka. In suka haɗu ya yi yawa, sai jiki ya ɗauki rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, zazzaɓi ya rufe mutum, hankalinsa ya gushe. Wani ya kan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Duk wanda aka ga haka gare shi, a kai shi asibiti nan da nan.

Har ila yau, sai hanta ta sarrafa tiramadol da kodin kafin su kashe zogi sosai. Fluoxetine kuwa ta kan rage wa hanta wannan aiki. Sai mutum ya ga kamar ƙwayarsa ta daina ci, ya ƙara biyu bisa biyu, alhali haɗarin farfaɗiya ne ya ke ƙara wa kansa. Balle irin ta bayan fage mai lamba 200 ko 225, wadda ta zarce 50 da 100 da hukumar NAFDAC ta yarda da su. Haɗa ta da diazepam ko giya kuwa ya kan danne numfashi, mutum ya kwanta bai farka ba.

Abin da ya kamata a yi

1. A gaya wa likita gaskiya: wace ƙwaya a ke sha, guda nawa a rana, tun yaushe. A tafi masa da kwalinta. Likita ba alƙali ba ne, kuma wajibi ne a kansa ya riƙe asirin majinyaci.

2. Kada a yanke tiramadol rana ɗaya. Wanda ya yi haka ya kan sha ciwon jiki, da zawo, da hamma, da tsoro, da rashin barci, abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku. Likita ya kan tsara ragewa kaɗan kaɗan cikin makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Kada a bar maganin baƙin ciki don an ji sauƙi. A kan ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan warkewa, sa'an nan likita ya janye shi a hankali.

4. A nemi maganin ciwon da ya jawo ƙwayar tun farko, gama akwai waɗansu magunguna, kamar farasitamol, waɗanda ba su sa jaraba.

5. Wanda ya bari sa'an nan ya koma, kada ya sha adadin da ya saba a da. Jikinsa ya riga ya manta, abin da ya ke ɗauka jiya ya isa ya halaka shi yau.

Aikin dangi

Zagi da kora ba su warkar da kowa, ɗaure mutum da mari ma haka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kare mutuncin irin waɗannan majinyata. Ya kyautu uba, ko mata, ko wa, ya ajiye maganin a hannunsa, ya riƙa bayarwa bisa ƙa'ida, musamman amitriptyline, domin yawanta ya kan illata zuciya. In majinyaci ya fara zancen ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Inda za a je

A fara da asibitin gwamnati mafi kusa, a Tambuwal ko a Kebbe. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura mutum Asibitin Tarayya na Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zuwa Kware ba abin kunya ba ne. Ana roƙon hakimai, da dagatai, da limamai su bayyana wa jama'arsu wannan, domin ciwon da aka ɓoye shi ke kashe mai shi.