Ƙaramar gaɓar da ke gadin numfashi a wuyan ɗan Adam

A kowane gefe na wuyan mutum, daidai inda babbar jijiyar da ke kai jini zuwa kai ta rabu gida biyu, akwai wata 'yar gaɓa da girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Likitoci na kiranta ƙullin karotid, kuma aikinta shi ne auna iskar oksijin da ke cikin jini dare da rana.

Da zarar iskar ta yi ƙaranci, sai gaɓar ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, mutum ya fara numfashi da sauri ba tare da ya yi niyya ba.

Tun a shekarar 1743 aka fara bayyana wannan gaɓa a Jamus, amma an shafe kusan shekaru 200 ba a san amfaninta ba. A 1928 masanin nan ɗan ƙasar Spaniya, Fernando de Castro, ya ce ga dukkan alamu tana ɗanɗana abin da ke cikin jini ne. Corneille Heymans na ƙasar Beljiyam ya tabbatar da hakan, abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel ta 1938.

Rumbun ajiya

Cikin ƙwayoyin halittar wannan gaɓa akwai ɗimbin ƙananan jakunkuna waɗanda sai da madubin ƙara girma mai ƙarfin gaske ake iya ganinsu. A cikinsu ake adana sinadaran da ake kira katekolamin, kuma a yawancin dabbobin da aka bincika, wanda ya fi yawa shi ne dofamin, sai noradirenalin.

Ajiyar tana da dalili. Duk dofamin ɗin da ya tsaya a waje da jakunkunan, akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da ke narkar da shi. Don haka ƙwayar ke da wata ƙofa ta musamman da ke tura shi cikin jaka, inda zai zauna lafiya har ranar buƙata.

Idan oksijin ya ragu a jini, hanyoyin fitar sinadarin fotasiyam sukan toshe, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, jakunkunan su fashe a bakin ƙwayar su zubar da abin da ke cikinsu kan jijiyar saƙo.

Idan rumbun ya ƙare fa?

Domin gano aikin dofamin, masana sun bi hanya mai sauƙi: su kwashe shi su ga abin da zai faru. Maganin da suka yi amfani da shi shi ne resafin, wanda aka fara tacewa a 1952 daga saiwar wani tsiro na ƙasar Indiya, kuma akwai dangin tsiron a dazuzzukan Afirka ta Yamma. An daɗe ana ba da shi ga masu hawan jini.

Resafin yana rufe ƙofar jakunkunan ne, ta yadda sinadarin ba zai shiga ba, ya lalace a waje, rumbun ya koma wayam. Da wannan magani ne Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna muhimmancin dofamin a ƙwaƙwalwa a ƙarshen shekarun 1950, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000.

To sai dai a ƙullin karotid, sakamakon ya zo da mamaki. Gwaje-gwaje kan ɓeraye sun nuna cewa ko bayan an kwashe mafi yawan ajiyar, gaɓar tana ci gaba da sanar da ƙwaƙwalwa ƙarancin iska.

A yau yawancin masana na ganin wasu sinadarai ne, musamman wanda ake kira ATP, ke ɗaukar saƙon gaggawar. Shi kuwa dofamin linzami ne, yana rage kaifin gaɓar don kada ta wuce gona da iri.

Me ya shafi majinyata?

Wannan bayani na da tasiri a ɗakin kula da marasa lafiya masu tsanani. An gano cewa ƙarin ruwa mai ɗauke da dofamin, ko da kaɗan ne, na iya rage yunƙurin jiki na ƙara numfashi lokacin da iska ta yi ƙaranci, don haka likitoci ke sa ido kan majinyacin da ake shirin cire wa na'urar numfashi.

Haka kuma gaɓar tana sauyawa da muhalli. Binciken da aka yi a ƙasar Peru ya nuna cewa ta mazauna tsaunukan Andes ta fi ta mazauna gaɓar teku girma.

Yawan dofamin ɗin da ke cikinta ya kuma jawo hankalin masu yaƙi da cutar karkarwa ta Parkinson, wadda ke samuwa sakamakon mutuwar ƙwayoyin da ke samar da sinadarin a ƙwaƙwalwa. A birnin Sevilla na Spaniya, tawagar José López-Barneo ta dasa sassan gaɓar cikin ƙwaƙwalwar ɓeraye a 1998, daga baya kuma aka gwada a kan majinyata ƙalilan, inda aka ciro gaɓar daga wuyansu aka dasa musu.

An samu sauƙi gwargwado a wasu daga cikinsu, sai dai masanan na ganin wani sinadari mai raya jijiyoyi da gaɓar ke fitarwa ya fi dofamin ɗin taka rawa. Hanyar dai ta tsaya a matakin gwaji, ba ta zama maganin da ake bayarwa a asibitoci ba.