Yadda Za Ka Hau Intanet da Kwamfutarka Idan Ka Bar Gida

Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da wurin sa layin waya, Wi-Fi kawai suka sani. Don haka idan tafiya ta kama ka, sai ka nemo wa kwamfutar abin da zai ba ta Wi-Fi, kuma mafi kusa yana cikin aljihunka.

Ka fara da wayar. Tabbatar akwai data a layin, kuma sabis ya kama 4G ko 5G. A Android, shiga saiti ka nemi inda aka rubuta Hotspot. A iPhone kuwa Personal Hotspot ne sunansa. Kafin ka kunna, sa kalmar sirri wadda ba ta gaza haruffa 8 ba. Kada ta zama 12345678, don ita ce wanda ke zaune kusa da kai a tasha zai fara gwadawa. Daga nan koma kan kwamfutar, danna alamar Wi-Fi a ƙasan allo ta hannun dama in Windows ce, zaɓi sunan wayarka, rubuta kalmar sirrin. In kwamfutar tsohuwa ce har ta kasa ganin wayar, duba saitin Hotspot ɗin a wayar ka mayar da zangon daga 5 GHz zuwa 2.4 GHz.

A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Kwamfuta ba ta san cewa da kuɗinka ka sayi datar nan ba. Da ta ga intanet sai ta shiga sabunta manhajojinta, OneDrive ko Google Drive su hau loda hotuna, kai kuwa wasiƙa ɗaya ka zo aikawa. Kafin ka ankara gigabait ɗaya ya tafi. Maganin yana cikin saitin wannan Wi-Fi ɗin: kunna Metered connection, wato ka shaida wa Windows cewa datar a ƙirge take, sai ta dakatar da yawancin abin da take saukewa a ɓoye.

Wayar za ta yi zafi, caji kuma zai riƙa zuba. Ajiye ta a inuwa, kusa da taga inda sabis ya fi ƙarfi, ka jona mata caji.

Mai yawan tafiya gara ya sayi MiFi, ƙaramar na'ura mai batirinta da wurin sa layi. Shawarata, sa mata layin kamfanin da ba na wayarka ba. In kana da MTN, ka sa Airtel ko Glo, tunda inda wani ya yi rauni wani kan kama.

Saura Wi-Fi na otal da filin jirgi. Tambayi ma'aikatan wurin ainihin sunansa, domin ɗan damfara na iya buɗe nasa da suna mai kama da shi. Bayan ka haɗa, shafi kan buɗe yana neman lambar ɗaki ko amincewarka. In bai fito ba, buɗe burauza da kanka. A saitin Wi-Fi ɗin a Windows, zaɓi Public a matsayin nau'in hanyar, don kada wasu baƙi su hango fayilolinka. Karanta labarai, kalli bidiyo, sauke manyan fayiloli, duk ba laifi. Amma harkar banki, in ba ka da VPN, wato manhajar da ke ɓoye bayanan da kake aikawa, kashe Wi-Fi ɗin ka koma kan datar wayarka.