Mai Shela a Cikin Manhaja

A ce ɗalibi daga Maradun ya biya kuɗin makaranta ta intanet, a makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Kafin ya mayar da waya aljihu, imel ya shigo cewa kuɗi sun shiga. Wa ya aiko? A manhajar da aka gina da hankali, ba a ɗora wa sashen karɓar kuɗi wannan nauyi. Nasa shela ce kawai: an biya. Mai aika imel, mai buga rasit da mai sanar da magatakarda tun farko sun shiga jerin masu saurare, kowa ya ji sai ya kama aikinsa. Wannan shi ne tsarin mai sa ido, wanda littafin Design Patterns na su Erich Gamma ya fayyace a 1994.

Wani zai ce, manomin shinkafa a Bakura mai jiran ruwan madatsar Bakolori, in shi ne mai biyan kuɗin, ina ruwansa da imel? Da gaskiyarsa, sai dai a nan tsarin ya ciri tuta: a ƙara mai saurare guda da ke tura saƙon tes, ba tare da an taɓa sashen kuɗi ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne shela kan faɗa kunnen da ya toshe, kamar a Satumban 2021 da aka katse layukan sadarwa a Zamfara. Shi ya sa dole saƙon ya bi layi, a yi ta sake turawa har ya isa.