Gyara ɗaya da Equifax bai yi ba

A farkon watan Maris na 2017, masu kula da manhajar Apache Struts, wadda ake gina shafukan intanet da ita, suka sanar da wata ɓaraka a cikinta, suka kuma fitar da gyaranta kyauta. Ranar 9 ga watan, kamfanin Equifax na Amurka, mai adana tarihin basussukan jama'a, ya umarci ma'aikatansa da su ɗora gyaran cikin awa 48. Ba a ɗora shi a shafin karɓar ƙorafi ba. Ta nan masu kutse suka shiga a tsakiyar Mayu, suka yi kwana 76 suna kwasa. Mutum kusan miliyan 147 abin ya shafa: sunayensu, ranakun haihuwa da lambobin shaidarsu. Shugaban kamfanin ya sauka, kuma a 2019 Equifax ya amince ya biya har dala miliyan 700.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ba rashin kuɗi ko ƙwararru ya jawo wannan ba. Kamfanin bai da cikakken lissafin manhajojin da ke kan kwamfutocinsa, binciken da ya yi kuwa bai gano tsohuwar ba. Na'urar da ke sa ido kan shige da ficen bayanai ta daɗe a makance, domin wa'adin shaidarta ya ƙare ba a sabunta ba. Da ɓarayin suka shiga, sai suka tarar da kalmomin sirri a fili, suka buɗe sauran rumbunan bayanai da su.

A ganina, duk shugaban jami'a, banki ko ma'aikata da ke karɓar lambar NIN ko BVN ɗinmu ta intanet ya kamata ya nemi wannan lissafi a rubuce, da sunan wanda alhakin sabunta kowace manhaja ya rataya a wuyansa. Aika umarni bai wadatar ba, sai wani dabam ya duba ya tabbatar an yi. Manhajar da masu ita suka daina yi wa gyara a sauke ta, ko da tana aiki lafiya, a kuma raba shafin da jama'a ke shiga da rumbun bayanai. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 kacal a kai rahoton kutsen da zai iya cutar da mutane.