Gyaran Kullum a Ƙananan Sana'o'i: Nazari a kan Telolin Fagge da 'Yan Kasuwar Sabon Gari

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna zancen ƙananan sana'o'i a ƙasar nan, maganar da ake fara kawowa ita ce rashin jari. Hukuma ma ta wannan fuska ta fi duban al'amarin, shi ya sa aka kafa Bankin Masana'antu a shekarar 2001, da kuma Hukumar SMEDAN a 2003, domin tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi. Ba mu musa cewa jari ginshiƙi ne ba. Abin da wannan takarda take son nunawa shi ne, akwai wata asara da take tsiyaya a cikin shago kowace rana, wadda rance ba ya toshe ta, kuma mai shagon da yaransa su ne kaɗai za su iya ganinta su gyara. Za mu kafa hujja da sana'ar ɗinki a Fagge, sannan mu leƙa kasuwar Sabon Gari.

Tun kafin zuwan Turawa a 1903, Fagge zango ne a wajen ganuwar Kano, inda ayarin Buzaye da sauran fatake suke sauka. Sabon Gari kuwa an kafa shi ne wajen 1913, bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 ta kawo ma'aikata da 'yan ciniki daga Kudu. A yau unguwannin biyu suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya, tare da Kantin Kwari, inda ake sarin atamfa da shadda da yadi. Ke nan tela a Fagge yana zaune ne a bakin rijiyar kayan aikinsa.

Ma'anar Gyaran Kullum

Abin da muke nufi da gyaran kullum shi ne ɗabi'ar duba yadda ake gudanar da aiki, a gano ƙaramin cikas guda, a kawar da shi, a ga ko an sami sauƙi, sannan a koma kan na gaba, ba tare da an tsaya ba. Mutanen Japan suna kiran wannan kaizen. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antunsu sun kasance cikin ƙarancin kuɗi da kayan aiki. A 1950 suka gayyaci wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, W. Edwards Deming, ya koya musu auna ingancin abin da suke ƙerawa. A kamfanin Toyota kuma, Taiichi Ohno ya karkasa ɓarnar aiki gida bakwai, cikinsu har da jira, da kai-komon da ba dalili, da tara kayan da ba a bukata, da sake aikin da aka ɓata. Littafin Masaaki Imai na 1986 shi ya yaɗa kalmar a duniya, har ƙasar Habasha ta kafa cibiya ta musamman a kanta a 2011.

Wani zai ce ina ruwan tela mai keke uku da kamfanin mota? Amsarmu ita ce, dabarar ta samo asali ne daga rashi, kuma rashin shi ne abin da telan ya fi kowa sani. Hausawa ma ai sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Shagon Tela a Watan Azumi

Babu lokacin da aibin tsarin aiki yake fitowa fili kamar goman ƙarshe na azumi. Kowa a wannan zaure, in za a faɗi gaskiya, ya taɓa zaman jiran ɗinki a daren Salla, yana kallon shaddarsa a ninke ko alli ba a sa mata ba. Har alkawarin tela ya zama abin zolaya a bakin jama'a. Mu kuwa a ganinmu yawancin telolin nan ba maƙaryata ba ne. Matsalar ita ce tela bai san iyakar abin da shagonsa yake iya fitarwa a yini ba, domin bai taɓa ƙirgawa ba.

Bari mu buga misali. A ɗauka shago yana gama kaftani 6 a yini idan akwai wuta, kuma saura kwana 20 Salla. Iyakarsa 120 ke nan, kafin a cire ranakun ɗauke wuta da rashin lafiyar yaro. Idan maigida ya karɓi 180, saboda kunyar abokan ciniki ko kwaɗayin kafin alƙalami, to tun ranar da ya karɓa ya riga ya saɓa wa mutum 60, sai dai bai san ko su wane ne ba. Gyaran farko a nan bai wuce littafi da biro ba: a rubuta ranar karɓa, da ranar alkawari, da abin da aka gama kowace yamma. Bayan mako biyu maigida zai san ranar da ya kamata ya ce wa mai kawo ɗinki, "Alhaji, a yi haƙuri, mun rufe karɓa." Wanda aka gaya wa haka da wuri yakan dawo bayan Salla. Wanda aka hana shi zuwa Idi da sabon kaya da wuya ya sake tako ƙofar shagon, kuma sai ya ba da labari a majalisa.

Daga nan sai a dubi inda lokaci yake tafiya. Mun sha zama a irin waɗannan shaguna muna lura: ana neman almakashi a ƙarƙashin tarin ƙyallaye, an tura yaro sayen zare launi ɗaya, ya dawo, an sake tura shi sayen maɓalli, awon mutum yana rubuce a gefen wani kwali da ya ɓace, sai an kira shi ya dawo a sake aunawa. Riga ta tafi wurin mai aikin wuya ta kwana uku, domin ba a gaya masa wacce ce ta gaggawa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya bukatar bashin banki. Ƙusa a bango don rataye almakashi, da sayen zaren mako a tafiya ɗaya, da ɗaura 'yar takarda mai suna da awo a jikin kowane yadi, sun isa.

Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Janareta da aka bari yana ruri alhali keke ɗaya ne yake aiki, riba ce take ƙonewa. Shagon da ya ware yanka da sa maɓalli, waɗanda ba sa bukatar wuta, ya yi su lokacin da aka ɗauke, ya tara aikin inji da guga zuwa lokacin da aka kawo, ya rage kuɗin mai ba tare da ya sayi komai ba.

Haja da Bashi a Sabon Gari

A wajen ɗan kasuwa ɓarnar takan ɓuya ne a cikin haja. Akwai ra'ayin cewa cikar shago ita ce alamar arziki, don haka sai a cika sito da kayan da za su shekara ba a taɓa su ba. Kwantai kuɗi ne da aka ɗaure. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari, wato Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, a watan Maris na 2016, ta cinye dubban shaguna, kuma ta nuna haɗarin tara dukiya duka a rumfa ɗaya. Wanda littafin bashinsa ya ƙone tare da kayansa, asararsa biyu ce. Haka kuma ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS. Wannan ya bar musu rubutaccen tarihin cinikinsu, sai dai kaɗan ne suke komawa su karanta shi don su san wace haja ce take tafiya, wacce ce take kwana.

Matsayin Yaron Shago

A nan ne muke ganin babban ƙalubale. A masana'antar Toyota an ba ƙaramin ma'aikaci ikon tsayar da layin aiki idan ya ga kuskure, domin shi ne hannunsa yake kan aikin. A tarbiyyarmu kuwa yaro ba ya gyara wa ubangidansa magana, kuma wannan ladabi abu ne mai kyau da ba mu fatan ya gushe. Amma yaron da yake shara da guga da zuwa aike shi ya fi kowa sanin inda ake ɓata lokaci, kuma yakan yi shiru har ranar da za a yaye shi, ya tafi da saninsa ya buɗe nasa shagon. Mafita ita ce tambayar ta fito daga sama. Idan maigida ya ware 'yan mintoci bayan sallar La'asar ranar Alhamis ya ce, "Me ya ba ku wahala a makon nan?", yaro zai amsa ba tare da ya keta alfarmar kowa ba. Sharaɗin kawai shi ne kada amsar ta jawo masa faɗa, in ba haka ba mako mai zuwa kowa zai ce lafiya lau.

Abokan zamanmu Ibo masu sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari suna da wani tsari da ya cancanci nazari. Yaro yakan yi wa maigida hidima na shekarun da aka yi yarjejeniya a kansu, a ƙarshe a sallame shi da jari. Da yake ya san ƙarshen hidimarsa, kuma ya san albarkar shagon za ta shafe shi, yana da dalilin kula da kowane kwabo.

Mu malaman kwalejojin ilimi, musamman na sashen koyar da kasuwanci, muna da laifinmu. Muna koyar da lissafin manyan kamfanoni da Turanci, alhali ɗalibin da ke gabanmu da yamma shagon yayansa zai koma a Fagge ko Kwari. Abin da zai amfane shi shi ne shafi ɗaya mai gida huɗu, na karɓa da alkawari da gamawa da ciko, wanda aka tsara da Hausa. Kuma tun da masu sana'a da yawa sun fi sakewa da ajami a kan boko, ya kamata a buga shafin da rubutun biyu, a ba ɗalibai su gwada shi a shaguna tun daga watan Sha'aban, kafin ɗinkin Salla ya fara shigowa.